Adon Gwangwani a Bangon Inna

Wata bakwai da aurena aka kwashe mu zuwa Dar Salam. Lokacin sojoji ba su daɗe da hawa mulki ba, ana ta rushe unguwannin bayan gari na Khartum ana kai mutane yamma da Omdurman. Mu ma wata safiya aka ɗora mu a bayan babbar mota da gadajenmu da tukwanenmu, aka sauke mu a wani fili fetal, aka nuna mana turaku huɗu a ƙasa aka ce nan ne gidanmu. Mu uku ne: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa da nake kira Inna.

Ni 'yar Jabal Awliya ce. Babana masunci ne a bakin madatsar ruwa, kakansa kuma yana cikin mahajjatan da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, suka yada zango a Sudan ba su koma ba. A gidanmu ana jin Hausa, amma mu yara in muka fara magana da ita, kafin mu kai ƙarshe Larabci ya ƙwace bakin. Inna kuwa a kambo ta tashi, wato zangon leburorin gona a Jazira, ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen tsinkar auduga. Hausarta tsantsa ce, ga ta ba mai yawan magana ba. Tsoronta nake ji ƙwarai. In na ce mata, “Inna, ga moya,” ba za ta gyara min ba, sai ta karɓi kofin ta ce, “Ruwa,” can ƙasa-ƙasa kamar da kanta take. Ni kuma in koma gefe kunya ta rufe ni.

Maigidana a Aljirif yake aiki, wajen masu gasa jan bulo a bakin kogi. Daga Dar Salam zuwa can tafiya ce mai nisa, don haka ranar Alhamis da yamma yake zuwa, ya koma Asabar da asuba. Ranar Juma'a in ya sauko daga masallaci sai ya cire rigarsa ya hau buga tubali da ruwan da muke saye wajen masu jakuna. A haka muka tada ɗaki ɗaya da rumfa a gabansa. Ni da Inna muka yi yaɓen da hannunmu. Da ya bushe sai ga bango ruwan ƙasa, tsakar gida ruwan ƙasa, in ka leƙa waje ma haka, ko tsiro babu.

A lokacin ne na lura Inna ta fara tsince-tsince. In muka je kasuwa sai in ga ta sunkuya ta laluba ƙasa, ta ɗauki murfin kwalbar lemo ta ƙulle a bakin mayafinta. Gwangwanin tumatir in ya ƙare ba ta yarda a yar. Murfin gwangwanin madara, ledar alewa mai walƙiya, buhun sukari da ya yage, fasasshen madubi, duk tana tarawa a cikin wani kwando a ƙarƙashin gadonta. Abin ya dame ni, don mutane na kallonmu. Wata Alhamis na tare maigidana a rumfa na ce masa, “Inna fa tsintar gwangwani take a kasuwa. Ko ka yi mata magana?”

Ya yi dariya ya ce, “Ki bar ta. Tun muna kambo haka take. Ba ta taɓa ɗaukar abu a banza ba.”

Duk da haka, in za mu kasuwa nakan ɗan ba da tazara tsakanina da ita. Yanzu in na tuna wannan tazarar, kunyar kaina nake ji.

Cikina na fari yana wata biyar ya zube. Mai jakin ruwa ne ya kwana biyu bai shigo layinmu ba, na ɗauki jarka na tafi famfo ba tare da na faɗa wa Inna ba. Na dawo da tsakar rana, ina sauke jarkar na ji wani abu ya tsinke a marata. Maƙwabciyarmu ce ta fara jin ihuna, wata mata doguwa daga kudu da yaƙi ya koro ta da 'ya'yanta. Ita ta tsallako katangar da ba ta kai ƙugu ba, ita ta nemo amalanke aka kai ni asibiti. Namiji ne. Ban gan shi ba, Inna ce ta naɗe shi.

Maigidana ya kwana huɗu tare da mu, sannan dole ya koma aiki. Ni kuwa na kwanta na juya wa duniya baya. In an kawo abinci in taɓa kaɗan in ture. Mata suna shigowa jaje, ina jin muryoyinsu a bayana, ba na juyowa. Jira nake Inna ta ce min, “Wa ya aike ki ɗaukar jarka?” Na ma shirya kukan da zan yi in ta faɗa. Ba ta taɓa faɗa ba.

Ranar da na cika kwana tara a kwance, da hantsi, na ji ta jawo kwandonta kiiii daga ƙarƙashin gado. Ta zauna a bakin gadona wajen ƙafafuna, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zazzage kayan a tabarma.

Ta ce, “Ke yarinya, tunda bangon nan kike kallo, bari mu sa miki abin kallo a kai.”

Ta ɗauko dutsen niƙa da guntun ƙarfe ta fara buga murafan kwalba ɗaya bayan ɗaya, suna bajewa kamar kwabo. Ƙarar tana shiga har cikin kaina. Can sai ta miƙo min guda biyu ta saman kafaɗata.

“Wanne ne kore a nan?”

Na juyo don in ce mata ta ƙyale ni. Sai na ga ta kawo murfin dab da idonta tana juya shi, ta maida shi nesa, ta sake matso da shi. Ɗaya ja ne, ɗaya shuɗi. Babu kore a ciki. Na dubi idanunta da kyau, abin da kunya ba ta taɓa bari na yi ba, na ga wata farar yana ta kwanta a kan baƙin.

Na ce, “Inna, ba kya gani ne?”

“Ina ganin rana, ina ganin inuwarki. Launi ne ya gudu. Kada ki faɗa wa yaron nan, abin da ke kansa ya ishe shi. Tashi ki ware min su, ja gefe, kore gefe.”

Na tashi zaune. Wannan ne aikin farko da hannuna ya taɓa tun daga asibiti.

Haka muka fara. Ita ce hannu, ni ce ido. Ta koya min yadda ake yanke gwangwani da tsohon almakashi a baje shi, a goge da toka da lemun tsami har ya yi ƙyalli, sannan a lanƙwashe bakinsa da bayan cokali don kada ya yanki mutum. Murafan kwalba kuwa, bayan an baje su sai a huda da ƙusa a ɗinke su a kan kwali, layi-layi, daga waje zuwa ciki kamar saƙar faifai. Zaren daga buhun sukari muke zarewa. Na auduga kuma, wanda muke warwarewa daga tsoffin zannuwa, shi muke rinawa: zoɓo ya ba da ja, lalle ya ba da ruwan goro, ragowar ganyen shayi ya ba da ruwan ƙasa. In za a manna wani abu sai a jiƙa ƙaro ya kwana. A tsakiyar kowane adon bango da muka haɗa sai ta sa guntun madubi.

Na farkon da muka gama ya fito a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Na ɗaga shi na ce, “Inna, wannan fa ya yi kama da wainar kisra da aka juya da hannun hagu.”

Ta shafa shi da tafin hannu ta ce, “Ai ke ce idon. In makauniya ta kauce hanya, ɗan jagora ake tambaya.”

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce min ba. Daga dariyar sai kuka, na yi shi sosai, irin wanda ban samu na yi ba tun ranar. Ba ta rarrashe ni ba. Ta ci gaba da buga murafanta, sai da na lafa sannan ta fara magana, kanta a sunkuye.

“Uku na binne kafin mijinki. Biyu a bakin hanyar ruwan gona, ɗaya ko suna ba a yi masa ba. Na ukun nan, kwana biyu da binne shi na koma tsinkar auduga, ina yi nono na zuba a rigata. Ba wanda ya ce in zauna. Ke ki zauna, ki yi kukanki. Amma hannunki kada ya zauna.”

Daga ranar ta daina ce min “ke yarinya”, ta koma “'yar nan”.

Muna aiki tana ba ni labarin ɗakin mahaifiyarta. Ta ce tsohuwar ta taso daga ƙasar Hausa da jeren tasoshi da kwanonin da aka yi mata na aure, amma hanya ta cinye su, kowane zango sai an sayar da ɗaya. Da suka isa kambo ba ta da ko guda, sai ta riƙa goge murafan gwangwani tana jerawa a jikin danga. Ta ce, “In rana ta faɗo a kansu da safe, sai ka rantse ɗakin matar attajiri ne.” A wajen wannan aikin na san sunayen abubuwa da yawa da Hausa. Basilla, tsinke, algashi, shunayya, duk a bakinta na fara ji. Ita ma ta ɗauki kalmomi biyu ko uku na Larabcin 'yan birni a bakina, tana faɗarsu a karkace da gangan don ta ji na yi dariya.

Da muka yi masu da'ira guda biyar, sai na ce ni kifi nake so in yi, irin wanda babana ke kamawa. Na yanka kwali, na jera murafai suna hawa kan juna kamar ɓawon jikin kifi, na yi masa jela da gwangwanin madara, ido da maɓallin riga. Inna ta bi shi da yatsa daga kai har jela ta ce, “Ya yi kyau. Amma abu mai ido ba zai zauna a ɗakin da nake salla ba.” Sai muka rataye shi a rumfa kusa da randa. Ita kuma ta yi reshen auduga da waya, da audugar tsohon matashi, da ganyen koren gwangwani. Wannan kam ba ta nemi idona ba, yatsunta sun san siffarsa.

Maƙwabciyarmu ce ta fara gani. Ta shigo aron rariya ta tsaya a bakin ƙofa tana tafa hannu. Washegari ta dawo da murafai cike da leda, ta ce 'yarta na wanke-wanke a wani shagon lemo a kasuwar Omdurman. Ta zauna ta koya, ta yi nata da duwatsun wuya da suka tsinke mata, ta kai ɗakinta ta rataye. Ita da Inna ba su da harshe ɗaya sai Larabci, kuma kowace da irin nata, amma sai su yi awa biyu suna bugun gwangwani suna gardama a kan launi. Daga nan matan layi suka fara zuwa. Wadda za ta aurar da 'ya ta zo, wadda ta gama yaɓen ɗaki ta zo. Wata ta kawo kofin sukari, wanda a shekarun nan sai da katin rabon abinci ake samu, wata ta kawo gwangwanaye kawai. Inna ba ta taɓa mayar da kowa ba.

Maigidana kuwa duk Alhamis in ya shigo sai ya tsaya ya ƙirga abin da ya ƙaru a bango. Ya ga na fara cin abinci, na fara tsefe kaina, bai tambayi komai ba. Sai dai ya fara zuwa da murafai a aljihu, yana zubewa a tabarma kamar wanda ya kawo tsaraba.

Na riƙe sirrin Inna wata huɗu. Abin da ya sa na fasa shi, wata rana ina shanya na jiyo ƙaurin ƙuna. Na ruga na tarar bakin zanenta na ci da wuta a jikin murhun gawayi, ita kuma tana zaune tana goge gwangwani, tana waige-waige tana neman inda warin ke fitowa. Na kashe da hannuna da ruwan buta. Ta ce, “Ba komai, kada ki faɗa.” Na ce to. Amma ranar Alhamis, tun kafin maigidana ya cire takalmi, na faɗa masa duka.

Ya shiga ɗaki ya durƙusa a gabanta, ya ɗaga yatsu uku ya ce, “Inna, nawa ne nan?”

Can ta juyo wajen da nake tsaye ta ce, “Ashe bakinki ba ya riƙe magana.”

Kwana uku ba ta ce min uffan ba. In na kawo abinci ta ci, in na gaishe ta ta ɗaga kai. Kwandon ma ba ta taɓa ba. Na fi jin zafin wannan shirun fiye da duk faɗan da na taɓa tsammani daga gare ta. A rana ta huɗu ina shara ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “In za a kai ni, ke za ki riƙe min hannu. Shi sauri gare shi.”

Muka yi ta zirga-zirga zuwa asibitin ido a Khartum, mota biyu zuwa, biyu dawowa, mu tsallake gada da safe mu sake tsallakowa da la'asar. Wata rana a ce likita bai zo ba, wata rana a ce layi ya cika. A wajen duba motoci a bakin gada nakan ji hannunta ya matse nawa har sai an ce mu wuce. A zuwa na biyar aka yi mata aiki a idon dama. Na hagun suka ce ya riga ya yi nisa.

Ranar da aka cire bandejin sun sa mata baƙin tabarau, suka ce kada ta kalli rana. Duk hanya idonta a rufe yake, ta ce hasken ya yi mata yawa. Da muka iso gida na shigar da ita ɗaki na zaunar da ita a gado. Maƙwabciyarmu ta biyo mu, maigidana yana tsaye a ƙofa. Inna ta cire tabarau a hankali, ta ɗaga kai ta dubi bango.

Ta daɗe tana kallo. Lokacin adon da muka rataye sun kai guda goma sha ɗaya, ban da reshen auduga. Hasken taga ya faɗo a kan madubban, ya watsu a rufi. Sai ta nuna na uku daga dama ta ce, “Wa ya sa ja kusa da ruwan goro a can?”

Na ce, “Ke kika ce a sa, Inna.”

“Kuma kika biye min? Subhanallahi. Ashe haka muka yi ta raba wa mutane ɓarna.”

Maƙwabciyarmu ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Maigidana ya juya baya ya fita rumfa, na ga yana goge fuska da hannun riga. Inna ta yafito ni. Na durƙusa a gabanta, ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske, ta yi ta dubana kamar yadda take duba murfi kafin ta huda shi.

Ta ce, “Ashe wushirya gare ki. Shekara biyu muna ɗaki ɗaya ban sani ba.” Ta saki haɓar ta dafa kaina. “Yaron nan ya iya zaɓe. Tashi ki ɗora mana shayi, 'yata.”

Washegari ta sa na sauko da na ukun nan, ta warware shi kaf ta sake. Daga baya ta bi gidajen layi ɗaya-ɗaya da sandarta tana duba waɗanda muka bayar, wanda bai yi mata ba ta ce a ciro a kawo gyara. Wasu matan suka ƙi, suka ce su haka suke son abinsu.

Bayan shekara biyu na haifi 'ya mace, lafiya lau. Inna ce ta yi min wankan jego, ita ta hana ni ɗaukar ko buta har na yi arba'in. Ta ga 'ya'yana uku kafin ta rasu, bayan gajeriyar jinya, a damina, a kan gadonta da ke fuskantar bangon. Ranar sadakar bakwai matan unguwa suka cika gidan. Da za su watse, maƙwabciyarmu ta matso ta ce min a kunne ko zan ba ta ɗaya daga na hannun Inna. Na ciro na ba ta. Wata ta gani ta roƙa, wata ma haka. Ban iya hana kowa ba, don kusan duk wadda ta miƙo hannu akwai murfinta ko zarenta a jikin abin. Kafin magariba bangon ya koma yadda muka yaɓe shi, sai ƙusoshi.

Maigidana ya ɗauko guduma zai cire su, na ce ya bari tukuna. Da aka koma makaranta, babbar 'yata ta dawo ta rataye jakarta a ƙusa ta ƙasa, ƙaninta ya ga haka ya kawo allonsa ya ce shi ma a ɗaga shi ya rataye.